To Ɗin Baffa Ladan

Cikin ranakun aikina akwai wadda har yau ba ta bar raina ba, wato ranar da kiran sallar azahar ya yanke a tsakiya a Toranke. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu kun sha tambayata abin da ya fi koya mini hankali a shekarun da na yi ina duba marasa lafiya. Ga shi nan, zan faɗa muku yadda ya faru, har da inda na yi wauta.

Sunana Bukar. Ni ba likita ba ne, ko da yake haka mutanen ƙauye suke kirana. Ma'aikacin lafiya ne na matakin farko, irin waɗanda ake ba riƙon ƙaramin asibitin ƙauye. Mu auna jini, mu ba da maganin zazzaɓi, mu yi rigakafi, abin da ya fi ƙarfinmu mu tura gaba.

Daminar da ta gabaci ritayata ce, gero ya fara fid da kai. Ina wanke hannu a bakin asibiti ladan ya ɗauki kira. Kowa a garin ya san jan kiran Baffa Ladan. Mata kan ce in ya kama "Hayya alas-salah" kana iya zuwa rijiya ka dawo bai sauke ba. Rannan ya ja ta rabi, sai lasifika ta yi ƙara kamar an buga ta da ƙasa, daga nan shiru.

A kan tabarma aka kawo mini shi. Sunansa Malam Hammadu, dogo ne siriri, ya haura saba'in, kuma har lokacin da kansa yake noma gonarsa. Kafin in gama ɓalle masa riga ya farfaɗo. Ya buɗe ido ya gan ni a kansa.

"Wa ya kawo ni hannun Babarbare?" in ji shi. "Ku mayar da ni masallaci in mutu da mutuncina."

Kakana daga Barno ya zo, shi kuwa Baffa jinin Fulani ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma a garin nan ni kaɗai ke da bakin ce masa bawana, shi ma haka yake ce mini.

Na ce, "Kwanta, bawan gidanmu. Nono ne ya yi maka yawa."

Da na ɗora abin sauraro a ƙirjinsa sai wasa ya fita daga bakina. Maimakon bugun nan mai tsabta, wani gurnani na ji kamar ana zarta katako, yana hawa har wuya. Matarsa, Goggo Dije, tana tsaye a bakin ƙofa. Ita ta tona masa asiri. Ta ce ya daɗe yana haki, in ya yi 'yan kunyoyi a gona sai ya tsaya dafe da ƙirji, kuma ya hana ta faɗa wa kowa.

A tsarin aikinmu, abin da ya shafi zuciya ba namu ba ne. Na tura shi Gaya, su kuma suka tura shi birni wajen likitar zuciya. Na raka shi, domin ya ce ba zai yi tafiya babu bawa mai riƙe masa buta ba. Babban ɗansa, Alhaji Auwalu, ma'aikaci ne a ƙaramar hukuma a Gaya, shi ya zo da mota. Ku riƙe wannan: Alhaji Auwalu ɗan fari ne. Baffa ba ya faɗar sunansa, "na Gaya" yake ce masa. Ba ya haɗa ido da shi, ba ya kuma musu da shi.

Likitar ba ta kai Alhaji Auwalu shekaru ba, amma mace ce mai natsuwa. Da aka gama hoton zuciya ta zaunar da mu, ta juya kujerarta ta fuskanci Baffa.

Ta ce, "Baba, zuciya tana da ƙofar da jini yake fita ta ciki ya zaga jiki. Taka ta tsufa, ta yi tauri, ba ta buɗuwa sai 'yar kafa. Zuciyar tana ta turawa da ƙarfi, amma abin da ke fita bai isa ba. Shi ya sa kake haki, shi ya sa kuma ka faɗi."

Alhaji Auwalu ya ce, "Likita, babu ƙwayar da za ta buɗe ta?"

"Babu, Alhaji. Magani yana rage wahala, amma ba ya taɓa ƙofar."

Ta shimfiɗa mana hanyoyin da ake da su. Ana iya yin tiyata, a buɗe ƙirji, inji ya karɓi aikin zuciya na ɗan lokaci, a cire tsohuwar ƙofa a ɗinka sabuwa, ko ta ƙarfe ko wadda aka yi da tantanin zuciyar saniya. Wannan ana yi a wani asibitin koyarwa a nan ƙasarmu. Ana kuma iya bi ta jijiyar cinya da siririn bututu, a kai sabuwar ƙofa a buɗe ta cikin tsohuwar, ba tare da an yanka ƙirji ba. Ta ce wannan ta fi sauƙi ga tsofaffi, an fi kuma saurin warkewa, sai dai mafi yawan waɗanda ta sani sun yi ta, waje suka fita. Sai kuma a bar shi haka, a ba shi abin da zai rage masa wahala. A nan ta sassauta murya.

"Ba zan ɓoye muku ba. Wanda ciwon nan ya kai shi ga suma, ba ya ba shi dogon lokaci, kuma yana iya zuwa ba sallama."

Ta ce mu je mu yi shawara, kafin nan a auna masa ƙoda da huhu da jijiyoyin zuciya. Noma da kiran salla kuwa ya dakata.

Baffa ya ce, "To."

Tun a mota Alhaji Auwalu ya fara. Idonsa yana kan titi ya ce, "Baffa, ba za a tsaga ƙirjinka ina raye ba. Zan nemi hanya mu fita waje a yi ta cinya."

Baffa yana kallon gonaki ta taga ya ce, "To."

Da muka isa gida Goggo Dije ta ji bayani, ta ce, "Malam, ba inda za ka. Ka zauna a ɗakinka in yi jinyarka. Abin da Allah ya rubuta ya same ka a kan gadonka."

Ya ce, "To."

Ni kuma da ya kamata in kama bakina, ban kama ba. Ina da halin son a ce Bukar ya sani, Allah ya yafe mini. Washegari na je da farar rigata ta aiki na ce masa a yi tiyatar nan gida, a sa ta ƙarfe, tunda ƙarfe ba ya ruɓewa. Ko tambayar abin da ke biyo bayan ta ƙarfen ban yi ba. Ya ce, "To." Na fito ina jin daɗi, na buga wa ma'aikaciyar jinyar da ke tare da likita waya na ce mara lafiyarmu ya amince da tiyata.

Ranar komawa muka tafi har da Goggo Dije. Likita ta gaishe mu ta ce, "Baba, an ce ka amince a yi tiyata."

Alhaji Auwalu ya yi zumbur. "Wa ya ce? Waje za mu fita. Da kunnena na ji ya amince."

Goggo Dije daga lungu ta ce, "Ni kuwa zaman gida ya amsa mini."

Likita ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, "Tsaya. Me ya ce muku, da bakinsa?"

Mu uku muka haɗa baki: "To."

Ta yi 'yar dariya, ta kuma haɗiye ta. "Baba, cikinsu wanne kake so?"

Baffa yana kallon yatsun ƙafarsa. "Yadda suka gani, 'yata."

"Ai abu uku suka gani."

"To."

Ta rufe takardun gabanta. "Ni ma Bahaushiya ce, na san to. Ba zan taɓa zuciyar mutum a kan to ba. Awo ya yi kyau. Jikinsa ya fi shekarunsa ƙarfi, ko tiyatar ko ta cinyar zai iya ɗauka. Abin da ya rage nasa ne. Sai dai kada ku ɗauka ƙofar nan tana jiranku."

Da za mu fita ta tsayar da ni. "Malam Bukar, su iyalinsa ne, tsoro ne ya ba su baki. Kai kuwa ma'aikaci ne, ka kawo mini yardar da ba a ba ka ba." Ba ta ɗaga murya ba, amma maganar ta shige ni.

Bayan 'yan kwanaki ya sake faɗuwa, a gindin randa yana alwala. Ya farfaɗo, amma launin leɓensa ya daɗe bai dawo daidai ba. Da hantsi sai ga Goggo Dije a asibiti, ta zauna a kan benci ta jira har na sallami mutane.

Ta ce, "Bukar, to ɗin nan tun ina amarya nake jin sa. Wanda ya ba ni ba yarda ba ce, na sani, raina kawai na so in lallasa. Ba zai musa wa na Gaya ba. Ba zai musa mini ba don kada in yi kuka. Kai kuma in ka zo da farar rigar nan, kai ma hukuma ce. Cire ta ka je ka zage shi. Mutumin nan ba ya faɗar gaskiyar cikinsa sai ana zaginsa."

Na cire rigar na rataye. Na same shi a zaure da la'asar, kishingiɗe a kan buzu. Malam Idi tela ne yake riƙe masa kiran salla, ya kuwa ɗauka ke nan. Baffa ya runtse ido kamar ana cire masa ƙaya.

"Bawana, ka ji yadda Idi yake datsa kira kamar yana yanka yadi?"

Na ce, "Ai ya fi wanda ya kifa a kan lasifika. Ashe haka Fulani kuke da tsoro? Ana ta cika mana baki da sharo, ga shi an ambaci wuƙa ka rasa magana. Sai to, to, to, kamar ɗaki yana yoyo."

Ya yunƙura ya zauna. "Wuƙa? Ni? Kai da kakanka ya shigo garin nan da fuska duk tsaga kamar kaji sun yi tono, kai ne za ka tsorata ni da wuƙa?"

"To me kake tsoro, in ba ita ba?"

Ya koma ya kishingiɗa a kan buzu. Sannan ya ce, "Ba wuƙar ba ce, Bukar."

Ban taɓa jin ya kira sunana ba sai rannan.

"Yarinyar nan ta ce za su sa ni barci su tsayar da zuciya. Tun ina saurayi nake kiran mutane da kalmar shahada, dare da rana. Sai kuma ni a karɓi raina ina kwance kamar itace, roba a baki, ban faɗe ta ba?"

Na ce, "Sai a bi ta cinya. An ce sau da yawa ba a ma sa mutum barci mai nauyi."

"A ƙasar wa? In mutuwa ta zo mini a can, wa zai yi mini wanka, wa zai rufe ni? Ubana da uwata suna nan kwance gabas da gari. Na Gaya kuwa ya riga ya sa rai, yana ta zirga-zirga saboda ni. Da wane baki zan ce masa a'a?"

"Zaman gida fa, yadda Goggo ta ce?"

Ya nuna wajen masallaci da haɓa. "In zauna ina jin wannan kullum? Ai zai riga ciwon kashe ni."

Muka yi dariya har haki ya kama shi, na riƙe masa kafaɗa. Da numfashi ya dawo ya ce a hankali, "Dije so take ta ga ina numfashi. Ni kuwa so nake in yi aiki da shi."

"Ta ƙarfen da na kawo maka fa?"

"Kai ma ai to na ba ka. Ana maganar saniya, ka zo wa Bafulatani da ƙarfe. Dama yaushe Babarbare ya san daraja?"

Na buga waya na nemi a matso mana da rana. Wannan karon ban ce ya amince da komai ba, na ce yana da tambayoyi. Likita ta roƙi Alhaji Auwalu ya jira a waje, muka shiga ni da Baffa. Da ƙofa ta rufu sai ga mutum ya sami baki. Ya faɗa mata tsoronsa kamar yadda ya faɗa mini.

Ta ce, "Ba zan ce maka babu haɗari ba, Baba. Akwai wanda ba ya tashi. Amma a jiki irin naka, masu tashi sun fi yawa sosai. Batun kalma kuwa, ba wanda zai sa ka barci sai ka ba da izini. Ka faɗe ta a natse, ita ce za ta zama ƙarshen maganarka kafin barcin."

Ya daɗe yana kallonta. "Haka za a iya yi?"

"Haka za a yi. Ni zan gaya wa mai allurar barci da kaina."

Ta ƙara da cewa ta cinyar hanya ce mai kyau ga mai shekarunsa, kada ya ƙi ta don rashin sani. Ya ce ya ji, amma ba zai yi nisa da gida ba. Ta bayyana masa ta ƙarfe: tana da ƙarko, amma sai mutum ya sha maganin tsinka jini har ƙarshen ransa, yana yawan zuwa awo, kuma ko fartanya ce ta sare shi jinin zai yi wuyar tsayawa. Da ta zo nan ta ɗan dube ni, ni kuwa na dubi silin. Ta saniya ba ta buƙatar wannan, in ji ta, sai dai ita ma tana tsufa da shekaru.

Baffa ya ce, "Mu tsufa tare. Amma na ji akwai ta alade."

"Akwai. Ta saniya zan nema maka."

"An yanka ta, saniyar?"

"Wannan ban sani ba, Baba. Liman za ka tambaya."

Liman daga baya ya ce masa lalura ce, kuma magani ne ba ci ba, hankalinsa ya kwanta. Amma tun a ranar likita ta ce, "Yanzu faɗa mini abin da ka zaɓa, da kalmominka."

Ya gyara zama. "Na zaɓi a buɗe ƙirjina a nan ƙasarmu, a sa mini ta saniya. In na tashi, alhamdu lillahi. In ban tashi ba, mota ta mayar da ni Toranke."

Aka kira Alhaji Auwalu. Yana shigowa Baffa ya kau da kai, ya dube ni.

"Bawana, gaya wa na Gaya na gode, Allah ya yi masa albarka. Gaya masa ba zan hau jirgi ba. Nan za a yi."

Alhaji Auwalu, babban mutum da furfura a gemu, ya tsuguna a gaban kujerar. Sannan shi ma ya dube ni, idonsa jawur.

"Malam Bukar, gaya wa Baffa na ji." Ya share fuska da hannun riga. "Ba to ba. Na yarda."

Goggo Dije ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta tashi ta haɗa masa kaya, har da buzunsa.

Ba a daɗe ba aka ba mu rana. Ni ban shiga ɗakin tiyata ba, matsayina bai kai nan ba. Ma'aikaciyar jinya ce ta ba mu labari. Ta ce da aka kwantar da shi ya ce wa mai allurar barci, "Ɗana, kada ka danna sai ka ga na ɗaga yatsa." Duk ɗakin aka tsaya. Ya faɗi kalmar shahada a fili, ba gaggawa, da muryar nan tasa, sannan ya ɗaga manuniya. Ta ce har barci ya ɗauke shi yatsan yana miƙe.

Ya tashi. Da aka cire masa robar baki, abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi la'asar. Kada ku ɗauka daga nan komai ya zo da sauƙi. Ya sha wuya. Tari ma sai ya rungume matashi, ya rame, akwai kwanakin da ko zagina ba ya iya yi, waɗannan su suka fi ba ni tsoro. Da aka sallamo shi ni nake wanke masa ɗinki ina auna shi, abin da na gani in sanar da likita, ban ƙara ko rage ba.

Sai da rani ya yi nisa ta ba shi izinin kira. Ina bakin asibiti ya ɗauki azahar. Gaskiya jan bai kai na da ba, mata ba za su je rijiya su dawo ba. Amma ya kama "Hayya alas-salah" ya kai ta har ƙarshe ya sauke da kansa. Na ga Malam Idi ya fito daga shago da almakashi a hannu yana murmushi, shi ma ya huta.

Bayan salla Baffa ya biyo ta asibiti yana dogara sanda. "Babarbare, gaishe ni da kyau. Yanzu saniya ce a ƙirjina."

Na ce, "Dama can mun san abin da ke ciki. Likita tabbatarwa kawai ta yi."

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu tasowa, bai da yawa. Mutanenmu, musamman tsofaffi, ba sa son su ba wanda suke ƙauna kunya, saboda haka za su ce maka to alhali ko kusa ba su yarda ba. A ciwo irin wannan hanya ba ɗaya ba ce. Awo zai nuna abin da jiki zai iya ɗauka, amma ba zai nuna abin da mutum yake tsoro ba, ko abin da yake so ya yi da lafiyar in ta samu. Wannan sai daga bakinsa. Ka duba ɗakin ka ga ko akwai wanda ba zai iya musa wa ba, kai ma ka sa kanka cikin lissafin. In ya ce to, ka ce masa, Baba, maimaita mini abin da za mu yi. Ni sai da na kusa ritaya na koyi wannan, ku kada ku kai haka.

Da damina ta sake faɗuwa, ana saura kaɗan in miƙa makullin asibiti, na same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na ce, "Bawana, bana ka bar wa 'yan ƙwadago huɗa. Likita ta ce tafiya da ɗan aiki mara nauyi, ba ta ce ka koma saurayi ba."

Ya ɗago ya dube ni da ladabi, irin wanda bai taɓa yi mini ba.

Ya ce, "To."

Washegari da safe ban ma biya ta gidansa ba. Na saka abin sauraro a aljihu, na wuce gona kai tsaye.